Takardar da Na Sa Kawuna Ya Rubuta

Shekarun baya da dama, ina saurayi ko aure ban yi ba, siyasar Amurka ta taɓa shiga kaina ta yi kaka-gida. A lokacin iyakar tafiyata Jidda da Madina, sai Ɗa'if idan zafi ya matsa mana. Amma in ka yi kuskuren zama kusa da ni, sai na lissafo maka jihohin Amurka ɗaya bayan ɗaya, in faɗa maka wadda ta tsaya wa jam'iyya ɗaya da wadda ke rawa. Shekarar ce da wani baƙar fata ya fito takarar shugabancin ƙasarsu, har jam'iyyarsa ta tsayar da shi.

A Makka aka haife ni, a Makka aka haifi mahaifiyata. Kakanninmu ne suka taso daga ƙasar Kano, suka biyo ta Sudan, suka sauke farali suka zauna. 'Yan ƙasa ne mu da takardunmu, Larabcinmu na Hijaz ne, Hausa kuwa sai a cikin gida, ita ma a cakuɗe. Ina da abokai Larabawa da muka tashi tare a unguwar Rusaifa kamar ciki ɗaya. Duk da haka, wanda ya girma a nan da irin fatarmu ya san kalmar Takruni, sunan da ake kiran baƙaƙe irinmu da shi, ya san ranar da ake faɗinta da wasa, ya san ranar da ba wasa a ciki. Kuma ba wanda ya taɓa zaunar da mu ya ce ga iyakarku, amma kowa a cikinmu ya san inda ake tsayawa.

Ina aiki a wani kamfanin bas-bas masu jigilar alhazai, garejinmu yana wajen Aziziyya. Kawuna, yayan mahaifiyata, shi ya sama min aikin saboda na ɗan yi karatun Turanci. Shi kuwa ya kusa shekara talatin a wurin. Da tuƙi ya fara, har ya zama mataimakin mudir, wato manajan da ke kula da zirga-zirgar motoci. Ya san kowane lungu tsakanin Mina da Arfa, ya san direban da ke da zafin kai da wanda ke gyangyaɗi, ya san motar da za ta ba da matsala tun daga ƙarar injinta. Manajoji huɗu aka kawo a kansa, kuma shi ya koya wa kowannensu aikin. Kowa a gareji Ammu yake ce masa, wato baffa. Ban taɓa jin ya yi ƙorafi ba.

Duk Juma'a bayan an sauko daga masallaci, a gidanmu yake cin abincin rana. A nan nake buɗe masa darasi. In yi ta bayanin yadda bankunansu ke rushewa, yadda ake korar mutane daga aiki, da irin shirin da ɗan takarar nan ya ce zai yi wa talakawa.

Wata rana mahaifiyata ta gaji, ta ajiye ludayi ta ce, "Wai shi wannan da kake ta haƙilo a kansa, ya san kana duniya?"

Na ce, "Umma, ba ki gane ba ne. In ya ci, komai zai canza."

Ta ce, "Tayyib. Kafin ya canza, tashi ka sayo mana gas, tukunyar ta ƙare."

Kawu ya yi dariya har ya ƙware. Da ya sha ruwa sai ya ce, "Ɗana, kwantar da hankalinka. Ba za su ba shi ba. Za su yi ta tafa masa har bakin akwati, in sun shiga daga su sai Allah, su zaɓi nasu."

Zaɓen ya faɗo kusan wata guda kafin aikin Hajji, lokacin da gareji ke cika da gyare-gyare. Sakamakon ya iso mana da safe, bayan rana ta fito. Muna ɗakin hutun direbobi, an kewaye faranti ana cin dafaffen waken da ake kira ful da burodin tamis, ga 'yan Sudan, ga 'yan Chadi, ga Yamalawa da Misirawa. Ni kaɗai ne ban kai loma ba, na ƙura wa talabijin ido. Sai mai labarai ya faɗa da Larabci cewa an gama, shi ne ya ci.

Wani direba ɗan Sudan ya miƙe ya yi kabbara da hannunsa duk mai. Ni kuwa, da na shirya jawabin da zan yi wa masu musu da ni, sai hawaye kawai. Can aka nuno mutumin ya fito gaban taro, shi da matarsa da 'ya'yansa, duk baƙaƙe kamar a ce daga layinmu aka ɗauko su. Na waiwaya in nemi Kawu. Yana tsaye bakin ƙofa da kofin shayi a hannu, bai shigo ba, bai tafi ba. Ya daɗe yana kallo. Daga baya ya ce, "Ikon Allah," ya ajiye kofin ya fita.

Na bi shi. Na same shi durƙushe a bayan wata bas yana latsa taya da babban yatsa, tayar da ni da shi mun san lafiyarta ƙalau. Da ya ji motsina sai ya goge fuska da gefen hularsa, ya ce, "Je ka ce wa makanike ya duba wannan."

Da a nan na tsaya, da ba ni da labarin da zan ba ku. Amma ban tsaya ba.

A makon ne aka ji cewa mudirinmu zai bar aiki, ya sami wani a Riyad, kuma mai kamfani na neman wanda zai maye gurbinsa kafin alhazai su cika gari. Ni da kaina ke cike da hayaƙin nasara, sai na ga ai Allah ne ya haɗa abubuwan nan biyu. Ranar Juma'a ana tsakiyar cin abinci na kawo maganar.

"Kawu, kujerar nan taka ce. Ka rubuta takarda ka nema."

Bai ɗago ba. Ya ce, "Ci abincinka."

"Wallahi da gaske nake. Wa ya fi ka sanin aikin nan? A Amurka fa, Kawu, ƙasar da aka sayar da kakannin baƙaƙe a kasuwa, an ba baƙar fata ƙasa sukutum. Kai kujerar gareji ce za ta gagare ka?"

Ya ce, "Can daban, nan daban. Mai kamfani ya san ina nan. In yana so na, ya san ƙofar ofishina."

"Bai taɓa jin ka nema ba. Ta yaya za a ba wanda bai tambaya ba?"

Mahaifiyata ta harare ni, ta ce, "Halas, ya isa."

Ban ji ba. Na ce, "Gaskiya ita ce tsoro kake ji, Kawu. Ku ne kuka koya mana sunkuyar da kai."

Mutumin da ya yi min huɗuba a kunne ranar da aka haife ni, mutumin da ya riƙe gidanmu bayan rasuwar mahaifina, shi na kalla na faɗa wa haka. Ya wanke hannu a nutse, ya yi wa mahaifiyata godiya, ya saka takalmi ya tafi. Ita kuwa ko faɗa ba ta yi min ba, ta kwashe kwanuka ta shige kicin, abin da ya fi faɗan ciwo.

Bayan kwana biyu ya leƙo ofishinmu, ya jira abokin aikina ya fita, ya jawo kujera ya zauna kusa da ni. Ya ce, "Buɗe na'urarka. Rubuta."

Na yi murna kamar in tashi sama. Na zuba masa Larabci mai nauyi, na kira shi ginshiƙi, na kira shi tauraro, na cika shafi guda. Da na karanta masa sai ya girgiza kai.

"Wannan ai ta'aziyya ka rubuta min. Goge. Rubuta shekarar da na fara aiki. Rubuta cewa tun da aka ba ni tsarin motoci ba a taɓa barin alhaji ɗaya a hanya ba. Rubuta cewa ina neman muƙamin mudir. Shi ke nan."

Layi biyar ta zama. Washegari ya zo da sabuwar farar jallabiya, an goge ta har tana ɗaukar ido, ya sa takardar a ambulan ya hau bene da ƙafarsa zuwa ofishin mai kamfani. Na tsaya a ƙasan matakala ina jira kamar mai jiran haihuwa.

Bai yi minti goma sha biyar ba ya sauko. Na tare shi, ya ce, "An karɓa," ya wuce. Daga baya ne mai shayin ofis ya ba ni labarin yadda aka yi. Mai kamfani ya tashi tsaye ya tarbe shi, ya sumbaci kansa, ya zaunar da shi a kujera mai laushi. Ya karanta takardar yana murmushi, ya ce, "Ya Ammu, kai ai ubanmu ne. Wane muƙami ne ya kai matsayinka a wurinmu? Aikin mudir zama ne da mutanen hukuma, da taruka, da tarbar baƙi. Kai kuwa a fili muke buƙatarka." Kawu ya ce, "Na gode," ya tashi.

Kafin mako ya zagayo aka kawo sabon mudir, ɗan 'yar'uwar mai kamfani, saurayi sa'ana da bai daɗe da gama jami'a ba.

Hana shi da aka yi bai dame ni kamar abin da ya biyo baya ba. Maganar ta fita. Direbobi suka fara kiransa Ra'is, wato shugaba, wasu da ƙauna, wasu da wata manufa. Wata rana muna layin sa hannu, wani magatakarda ya ce wa na kusa da shi, da muryar da ya tabbata za a ji, "Tun da aka nuno na Amurka a talabijin, kowane Takruni ya fara auna kujera." Aka yi 'yar dariya. Kawu yana gaba da mutum biyu. Bai waiwayo ba, amma na ga yadda bayan wuyansa ya ƙage. Na yunƙura zan yi magana, ya ɗaga hannu ɗaya ba tare da ya juyo ba, na haɗiye.

Juma'ar nan bai zo gidanmu ba. Ta gaba ma bai zo ba, ya aiko cewa aiki ya yi yawa. Mahaifiyata ta zuba abincinsa a kula ta rufe, ta zauna tana kallon kular. Sannan ta ce min, "Kana tsammani Yaya bai san abin da za a ce masa ba? Ya sani tun kafin a haife ka. Shekara talatin yana riƙe da mutuncinsa da hannu bibbiyu, kai ka sa ya je ya ajiye shi a teburin wani. Don me? Don wani ya ci zaɓe a ƙasar da ko taswirarta ba ka iya riƙewa daidai ba."

Na iya riƙe taswirar, amma ban ga fuskar yin gardama ba. Tun daga ranar na daina kunna labaran Amurka. A gareji in na hango Kawu sai in canza hanya.

Haka Hajji ya same mu. Saboda Turancina aka haɗa ni da wata tawagar alhazai daga Amurka, in riƙa bin motarsu ina yi musu tafinta. Akasarinsu 'yan asalin Pakistan ne da Larabawa, sai wasu baƙaƙe kaɗan. A cikinsu akwai wani dattijo dogo, furfura ta cinye gemunsa, yana dogara sanda. A kujerar gaba yake zama saboda gwiwarsa, don haka kullum muna kusa.

Safiyar Arfa muka taso daga Mina, mota ta ɗauki Labbaika, kowa cikin harami. Ba mu yi nisa ba hanya ta tsaya cak. Wata bas ɗinmu ce ta mutu a wani matsatsi, ta tare na bayanta, kuma motocinmu da yawa suna jere a layin. Rana ta fara ɗagawa. Na'urar sanyaya motarmu ta fara gazawa, wata tsohuwa a baya ta fara haki. Duk wanda ya yi aikin Hajji ya san abin da ke zuciyar alhaji a irin wannan lokaci: ya tara kuɗi shekara da shekaru don wannan yini guda, ga shi a zaune a mota yana kallon agogo.

A oba-obar da muke magana da juna kuwa hayaniya ce kawai. Direbobi na ihu, kowa na tambayar abin yi, sabon mudir yana ba da umarni yana warwarewa. Ba mugun yaro ba ne, aikin ne bai sani ba, kuma ranar Arfa ba ranar koyo ba ce. Can sai muka ji muryarsa, ya ce, "Jama'a, kowa ya saurari Ammu. Abin da ya ce shi za a yi."

Sai muryar Kawu ta shigo, a kwance kamar yana hira a falo. Ya kira direbobi ɗaya bayan ɗaya, kowa da harshen da ya fi ji, wannan da Larabci, wancan da Hausa. Ya ce wane ya ja baya taku kaza, wane ya buɗe ƙofa ya ɗebi mutanen motar da ta mutu. Ba a jima ba na hango shi ta gilashi, an goyo shi a babur yana ratsa tsakanin motoci. Ya sauka, ya yi magana da jami'in hanya, suka buɗe wani gefe. Ya tara matasa aka tura matacciyar motar zuwa bakin titi. Ya tsaya a tsakiyar rana yana ba da hannu, motoci suka fara wucewa ɗaya ɗaya.

Dattijon nan duk yana kallo. Ya taɓo ni da kan sandarsa, ya ce, "Wancan shi ne shugabanku?"

Na so in ce e. Amma ranar Arfa ce, ga shi cikin harami. Na ce, "A'a, mataimaki ne. Kawuna ne."

"Shekara nawa yana mataimaki?"

Na faɗa masa. Ya gyaɗa kai a hankali, bai nuna mamaki ba ko kaɗan. Ya ce shi ma ya fi shekara talatin a wata masana'antar ƙera motoci, kuma ya koya wa yara da yawa aiki waɗanda daga baya suka zama iyayen gidansa. Ya ce a shekarar nan aka sallame su da tattalin arziki ya karye, kuma banki ya karɓe gidan da ya tsufa a ciki, yanzu a ɗakin 'yarsa yake zaune. Kuɗin Hajji ya riga ya biya tun kafin abin ya faru. 'Yarsa ta ce ya nemi a mayar masa, ya ce wannan kam ba mai karɓe masa.

Ban san lokacin da tsohon ciwona ya motsa ba. Na ce, "Amma yanzu ai kun sami naku. Zai gyara, zai dawo muku da gidajenku."

Ya yi dariya mara sauti. Ya ce, "Yaro, gidana ya tafi. Ban zaɓe shi don ya dawo min da gida ba." Sannan ya ce yana ƙarami ya taɓa raka mahaifiyarsa ta je yin rajistar zaɓe a garinsu na kudu. Ta sa rigarta ta zuwa coci, don lokacin Kiristoci ne, ta riƙe hannunsa. Aka yi mata tambayoyin da aka san ba mai iya amsawa, irin waɗanda ake yi don a hana baƙaƙe zaɓe, aka ce ta koma gida. Ya ce abin da bai manta ba shi ne a hanya ba ta yi kuka ba, sai ma ta saya masa alewa. Bayan wata shida ta sake sa rigar ta koma. Ya ce, "Sau huɗu tana zuwa. Ba ta ga wannan shekara ba. Da na shiga layi ranar zaɓe, gwiwar nan kamar ta kashe ni, wani ya kawo min kujera na ce a'a. A tsaye ta yi nata."

Da muka isa Arfa, alhazai suka shiga tantuna. Dattijon ya ƙi shiga, ya ce sai na kai shi wurin kawuna. Muka same shi a inda aka jera motoci, zaune a inuwar wata bas, jallabiyarsa ta yi baƙi da gumi da man inji, yana shan ruwa. Makonni ke nan ban tsaya gabansa ba. Na ce, "Kawu, wannan alhajin daga Amurka yake, yana son gaishe ka."

Kawu ya miƙe. Suka yi musabaha, dattijon bai saki hannun ba. Ya ce in faɗa masa ya ga abin da ya yi a hanya. Na faɗa. Kawu ya ce, "Aikina ne." Sai ni, ban san me ya tunzura ni ba, na gaya wa dattijon da Turanci cewa Kawu ya nemi kujerar mudir wata guda da ya wuce an hana shi, kuma ni na tura shi.

Dattijon ya dubi Kawu da kyau. Ya ce, "Tambaye shi, da bakinsa ya nema?"

Na tambaya. Kawu ya kalle ni, ya gane na tona, amma ya ce, "Da bakina, da takardata."

Dattijon ya ce, "To faɗa masa ba zan ce ya yi haƙuri ba, an faɗa mana wannan har mun gaji. Faɗa masa yau zan ambace shi a addu'ata. Shi ma ya ambace ni."

Kawu ya ce, "In sha Allahu." Suka rungumi juna, tsofaffi biyu, ɗaya cikin farin harami ɗaya cikin rigar da ta sha man inji, har haramin ya ɗauki tabo a kafaɗa. Na raka dattijon tantinsu na dawo.

Na tsuguna gaban Kawu na ce, "Ka yafe min. Ni na jawo maka duk wannan. Da ban buɗe bakina ba, da ba wanda ya isa ya yi maka dariya."

Ya miƙo min gorar ruwan, ya ce in sha. Sannan ya ce, "Maganar da ka faɗa min a gaban ƙanwata, ba haka ake yi wa babba magana ba. Wannan ka yi laifi, kuma na yafe."

Na ce, "Na gode, Kawu."

"Amma takardar, kada ka ɗauki alhakinta. Kai ka isa ka sa ni abin da ban yi niyya ba? Tun kana rarrafe nake rubuta ta a zuciyata." Ya kalli wajen tantuna. "Kwanakin nan da ban zo gidanku ba, ba fushi nake da kai ba. Kunya nake ji, ban san da wace fuska zan zauna ba. Amma ka san wani abu? Duk shekarun nan ni nake hana kaina, don kada wani ya hana ni. Kullum ina cewa wataƙila da na nema da an ba ni. Yanzu na nema. Na ji amsar da kunnena, daga bakinsa ta fito, ba daga nawa ba. Wallahi tun ranar barcina ya fi daɗi."

Oba-oba ta yi ƙara, ana nemansa. Ya tashi yana kakkaɓe riga, ya ce, "Tashi ka je ka yi addu'a, rana na tafiya. Ka bar Amurka ta huta yau."

Bayan Hajji kamfani ya ba shi takardar yabo da agogon hannu. Kujerar dai ba a ba shi ba, har ya yi ritaya bayan wasu shekaru yana mataimaki. Sai dai sabon mudirin, in faɗi gaskiya, bai ƙara yanke wata shawara ba tare da ya sauko ya same shi ba, kuma shi da kansa ya tsawata wa magatakardan nan. Dattijon Ba'amurke kuwa, tun da na ɗora jakarsa a motar Jidda ban sake jin labarinsa ba. Ban san ko ya sake mallakar gida ba.

Shugaban da na yi wa kuka ya yi mulkinsa ya sauka. Wasu abubuwan ya yi, wasu ya kasa, wasu kuma da aka yi a ƙasashen Musulmi a zamaninsa sun ƙona min rai, har na koma ina sukarsa da irin zafin da na yabe shi. Abin mamaki, Kawu da ya ce ba za a ba shi ba, shi ya koma yana tausaya masa. Yakan ce, "Inda ya yi zalunci zai amsa a gaban Allah, ba na kare shi. Amma ka tuna a wane hali aka miƙa masa ƙasar. Ni na daɗe a gareji, na san irin motar da ake ba irinmu, sai ta fara hayaƙi. In ka kai ta gida a ce dama lafiyarta ƙalau, in ta mutu a hannunka a ce ai ga irinta nan."

Har yau in na tuna wannan lokaci, abu biyu nake ji tare. Ina jin kunyar yaron nan da ya ga nasarar wani a talabijin ya ɗauka tasa ce, ya je ya yi caca da mutuncin dattijo, shi bai ajiye komai nasa ba. Kuma ba na iya cewa da ma ban yi ba, don na ga fuskar Kawu a Arfa. Abin da na tabbatar shi ne, in za ka ce wa mutum ya je ya ƙwanƙwasa ƙofa, to ka gaya masa gaskiya cewa mai yiwuwa ba za a buɗe ba, kuma kada ka canza hanya in ka hango shi yana dawowa. Ni na canza, kuma wannan ne abin da har yanzu yake ci na.

Shekaru bayan haka, a wani kamfanin daban, aka buɗe gurbin shugaban sashe, na ga na cancanta. Na rubuta takarda na ajiye a aljihu kwana tara ban miƙa ba. Ni mai jawabin tsoro, ga ni ina zufa. A ƙarshe na je wurin Kawu, lokacin ya tsufa sosai, ƙafa ta fara ba shi wahala. Na faɗa masa, ina jiran ya rama abin da na taɓa yi masa.

Bai rama ba. Ya ce, "Kai musu gobe da safe. In sun ba ka, alhamdu lillahi. In sun hana ka, ka biyo ta nan kafin ka je gida, kada ka tafi da shi kai kaɗai."

Sun hana ni kuwa. Na biya ta gidansa da la'asar, na tarar ya sa an shimfiɗa darduma biyu a ƙofar gida, yana zaune a kan ɗaya yana jirana.